Ranar da Sarkin Dubiya Ya Kwanta

Ni Lawali, dillalin shinkafa a kasuwar Talata Mafara, ba yabon kai ba, shekara ashirin da ɗoriya babu wanda ya kwanta ciwo tsakanin Mafara da Bakura da Maradun ban je na ce masa sannu ba. Akuya ma in ta yi ɗingishi a unguwarmu, ni ke fara yi wa mai ita jaje. Shi ya sa 'yan majalisarmu suka naɗa ni Sarkin Dubiya, ba rawani ba albashi. In na shiga ɗakin marar lafiya sai ya manta inda ke masa ciwo. Akwai wanda na sa dariya har ɗinkin aikin da aka yi masa ya kusa warwarewa, matarsa ta rako ni da muciya. Saboda haka na sha faɗa a bainar jama'a cewa ranar da ni na kwanta, sai an ɗauko 'yan sanda sun tsara layi a ƙofar gidana, kuma masu tuwo-tuwo za su kafa rumfa.

To, na kwanta, sati bakwai cur. Ƙafar da ta taka zaurena a cikinsu, in ka cire ta Kulu mai ɗakina, ta kaza ce, ita ma tsaba ta biyo.

Ina rubuta wannan ne don wani ya ji ya kiyaye, ba don a tausaya mini ba. Lokacin tausayin ya wuce, kuma da yake nan ba a yi ba.

A shekarar korona ne, ana saura kwanaki a kama azumi. Aka hana cin kasuwa, aka dakatar da jam'i, aka ce kowa ya zauna gidansa. Basiru ɗanmu hanya ta rufe da shi a Kaduna, ƙanwarsa tana ɗakin mijinta a garin Kaya. Gida ya rage daga ni sai Kulu. Ni kuwa mutum ne da tun sallar asuba bakina ke kama aiki, ba ya tashi sai majalisa ta watse. Cikin kwana uku na ƙarar wa Kulu da duk labaran da nake da su, kuma shekara ashirin da shida tana jinsu. In na ɗauko ɗaya sai ta ƙarasa mini shi tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi.

Talatar farko na tashi na yi wanka, na sa babbar riga da hula, sai da na kai zaure na tuna ba kasuwa. Na zauna nan ina saurare. Ba ƙarar manyan motoci, ba masu amalanke suna a ba su hanya, ba manoman Bakalori da buhunan shinkafa shanshera suna rantsuwar cewa tasu ta fi ta kowa bushewa. Tsit, kamar an ɗauke garin an kai wani wuri an manta da ni. Ban san shiru na da nauyi ba sai ran nan.

A satin ne na fara jin ƙishirwa. Ba irin wadda kowa ya sani ba. In na kafa baki a moɗa sai randa ta yi ƙasa, in ajiye, maƙoshina ya ce ba a fara ba. Fitsari kuwa, hanyar da ke tsakanin ɗakina da ban-ɗaki har ta yi santsi. Na ce zafin bazara ne. Da azumi ya kama na ce azumi ne. Wandona ya fara zamewa, na ƙara ɗaure mazagi, na ce ai kowa na ramewa da azumi. Duk abin da jikina ya faɗa, ina da amsar da zan ba shi. Dillali ne ni, ba a kayar da ni a magana.

A sati na biyu mura ta kama ni, na yi tari sau uku a tsakar gida. Kulu ta saki tsintsiya, ta je ta turo ƙyauren zaure ta sa sakata. Sannan ta kira Yaya Ige, yayata da ke Bakura, ta buɗe muryar waya don in ji.

"Kak ku kuskura ku je asibiti," in ji Yaya Ige. "Duk wanda ya yi tari gabansu, sai Gusau. Su kulle mutum shi kaɗai, in ya cika ko gawa ba su badawa. Kulu, kina jina? Ki dafa ganyen dogon-yaro ya yi sirace. Ki ba shi zuma da citta da tafarnuwa. Kai kuma Lawali, ka rage wanga surutu naka, shi ka jawo maka iska a ƙirji."

"Yaya, da wa zan yi surutun?"

"Kai? Ko da turmi ka yi."

Aka fara sirace. A lulluɓe ni da bargo kan tukunya cikin zafin da ke soya ƙwai a ƙasa, in fito kamar an dafa ni ban nuna ba. Tarin ya yi sauƙi, amma gaɓoɓina suka mutu. Daga ɗaki zuwa zaure sai na huta a hanya.

Da na tabbata na kwanta da gaske, sai na sa Kulu ta share zaure ta shimfiɗa tabarmi uku, ta ajiye butoci biyu, ta jingina mini matashi a bango. Na ce doka doka ce, amma dubiya ba kasuwa ba ce, mutane za su zo ko da ɗaiɗai. Na ma tanadi abin da zan faɗa wa kowa in ya shigo. A wurinmu marar lafiya ba ya shelar kansa. Ba ka aika wa mutum ka ce zo ka duba ni, wannan zubar da girma ne. Ji ake yi a zo. Don haka na zauna jiran a zo.

Kwana biyu, uku, ba sallama. Na ce, "Kulu, mutane sun ji kuwa?"

"Kowa ya ji, Malam."

"To ina suke?"

"Tsoro sukai. Ka san halin da ake ciki."

Wayata ta yi ta kuka, na ga sunayen 'yan majalisa, na ƙi ɗauka. Ni da na hau babur cikin ruwan sama har Janbako, hanyar da ko jaki ke tsayawa ya yi tunani, don in ce wa mutum sannu, ni za a duba ta waya? Na kashe ta na tura ƙarƙashin katifa. Wannan ita ce wauta ta farko, kuma tawa ce ni kaɗai.

Sati na uku shi ya fi muni, kuma ba a jiki ba. Magana ta ƙare mini. Ban taɓa zaton za a wayi gari in rasa abin cewa ba. In zauna in zuba wa tabarmin nan ido, in fara ƙirga mutanen da na taɓa dubawa, in kai ɗari in rikice in sake. Sai zuciya ta fara raya mini cewa dama can ba a sona, haƙuri ake da ni. Dariyar da ake yi in na yi magana, wataƙila ta a rabu da ni ce. In an kira magariba Kulu ta kawo kunu da ƙosai, in kurɓa sau biyu in juya wa bango. Ta yi magana in ce uhm. Wata rana na ji tana ce wa Yaya Ige a waya, cikin rage murya, "Yaya, tarin bai dame ni ba. Shirun ne. Tun jiya kalma huɗu ya yi."

Kashegari gab da shan ruwa ta shigo zaure da leda.

"Malam, ga shi in ji Alhaji Isa mai shago. A ƙofa ya aje, ya ce a gaishe ka da jiki."

Lemon kwalba ne guda shida da gwangwanin madara. Na tashi zaune ba tare da an taimake ni ba. Na ce, "Isa? Isa da ko goro sai ya raba huɗu?" Kulu ta yi dariya, ni ma na ji muryata ta dawo.

Daga ranar kaya suka fara zuwa. Rake ɗauri guda daga abokan cinikina na Bakura. Dabino daga limamin unguwarmu. Alewa da nakiya daga maƙwabta. Sai kwalbar zuma, an toshe bakinta da totuwa, daga Bawa taubashina, ɗan kawuna haifaffen Maradun da ke facin taya a bakin tasha. Ni da Bawa tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba, amma duk shekara in ya je gida sai ya kawo mini zuma a irin wannan kwalbar.

Abin da na riƙa yi, zan faɗa ko da za a yi mini dariya. In an sha ruwa sai in jera kayan nan kan tabarmi, kowa a mazauninsa na majalisa. Kwalbar lemo ita ce Alhaji Isa, a dama. Zuma Bawa ne, a gabana, inda zan ji daɗin zaginsa. In ce, "Alhaji, sannu da zuwa, ya iyali, ya muka ji da wanga zama?" In amsa da muryarsa. In juya ga zuma in ce, "Kai kuma baƙin Bamarade, ka zo ganin ko na mutu ka gaji hulata?" In mun gama hira in shanye Alhaji Isa, in tsotse mutanen Bakura gaɓa biyar, in lashi Bawa cokali uku. Kayan dubiya ba a mayarwa, ba a rainawa. Kuma gaskiya, in na ci sai in ji kamar mai shi ya zauna da ni. Kulu takan tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Da farko tana dariya. Daga baya ta daina, sai ta tsaya kawai.

Baki ya dawo, jiki ya tafi. A sati na huɗu idona ya fara hazo, in dubi Kulu in ga Kulu biyu, na ce mata ga shi Allah ya yi mini ƙari ba sadaki. Kiyashi suka riƙa taruwa inda na yi fitsari. Wani ɗan ƙaramin ciwo da na ji a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ya fara ruwa. Yaya Ige ta ce a shafa zuma, a ƙara sha.

Ranar wata Alhamis bayan azahar na tashi zan yi alwala, ƙasa ta taso ta same ni. Abin da na sani ke nan. Kulu ta ce ta kira Yaya Ige tana kuka, Yaya ta fara zancen Gusau, ita kuma ta ce, "Ko Gusau ɗin ne a kai shi, in dai da ransa." Ta kashe waya ta fita neman mai Keke Napep. Wannan ne karo na farko da ta katse yayata, kuma shi ya cece ni.

A asibiti na farfaɗo sosai, a kan benci, cikin layi. An ja wa kowa tazara, ga bokitin wanke hannu a ƙofa, ga wani da abin awon zafi yana auna goshin mutane kamar zai harbe su. Kowa ya rufe hanci da baki, ba ka gane wanda ka sani. Tari ya taso mini, na haɗiye shi da ƙarfi har hawaye suka zubo. Mun fi awa biyu kafin a kai kanmu, kuma ban ga laifinsu ba, ma'aikatan ba su da yawa, su ma a tsorace suke.

Wata Sista ce ta karɓe mu, Kirista, ta daɗe a Mafara har Hausarta ta fi ta wasunmu gishiri. Ta ji bayanin Kulu, ba ta ko kula zancen tari ba. Ta huda mini yatsa ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ta duba, ta sake hudawa.

"Baba, na'urar ta ƙi rubuta lamba. Abin ya wuce lissafinta."

Na ce, "Ai ni komai nawa ba ya yin kaɗan."

Ba ta yi dariya ba, ta tafi kiran likita. Ya zo ya dubi ƙafata, ya tambayi abin da nake ci. Nan fa na samu fage. Na lissafa masa komai da sunan wanda ya aiko, don ya san ba da ƙaramin mutum yake magana ba. Ya saurara har na gama. Sai ya faɗi maganar da har yau take kunnena:

"Malam, mutanenka na sonka, amma saura ƙiris su kashe ka. Ciwon suga gare ka, kuma ya daɗe. Tarin mura ce kawai. Da kun ƙara kwana uku, ba ƙafar kaɗai za mu yi magana a kai ba."

Na waiwaya in ga Kulu, ta fita.

Aka ba ni gado, aka sa ruwa, allura safe da yamma, aka ce azumi ya tsaya sai na rama. Mai jinya ɗaya aka yarda ya zauna, 'yan dubiya kuwa ko ƙofa. Ɗakin da a da nake shiga in tarar da kwanukan abinci jere da mutane har kan taga, yanzu daga majinyata sai ƙudaje. A gadon kusa da ni akwai wani dattijo daga Janbako da ya karye a cinya. Na ce bari in yi sana'ata ko a kwance. Na ba shi labari uku daga cikin waɗanda ba su taɓa faɗuwa ba. Ya dubi rufi, ya ce, "Ɗana, ko za ka ɗan huta?"

Magani da allurai da wankin ƙafa kullum suka cinye ragon da Kulu ke kiwo don layya. A rana ta huɗu da hantsi tana yi mini fifita, na ce, "Da akuyarki kika fara sayarwa ai, ragon bai gama ƙiba ba."

Ta daina fifita.

"Akuyar ta daɗe da tafiya, Malam."

"Ina ta tafi?"

"Lemo. Rake. Dabino." Ta sunkuyar da kai. "Ba wanda ya aiko da komi. Ni ce nike saye. Ba wanda ya san ka kwanta, in ba Yaya ba. Ko yaran ban faɗa musu ba. Wanda duk ya ƙwanƙwasa, ce masa nike kana lafiya, doka kake bi."

Ta ɗago ta ci gaba.

"In sunka ji kana tari, ko dai a ɗauke ka, ko a ƙaurace wa gidanmu, har mai ruwa ya bar kawo mana. Sai kuma na ga shirun na neman kashe ka gabana. Na ce bari in kawo maka mutane yadda zan iya." Ta share ido da gefen mayafi. "Ashe guba nike ɗauko maka da hannuna."

Yini guda ban yi mata magana ba. Na juya wa bango ina tunani. Labarin ciwo a garinmu ƙafa uku gare shi: a ga babu mutum a sahu, a ga rumfarsa a rufe ran Talata, ko a faɗa a majalisa. Duka ukun an ɗaure su. Na huɗun kuwa, wanda ke bi gida-gida yana cewa wane ba shi da lafiya ku tashi mu je, ni ne. Mai kai saƙon ne ya kwanta, ya kashe wayarsa, yana fushi ba a zo ba.

Da yamma ta miƙo mini faten wake ba gishirin kirki, na karɓa na ce, "Kulu, duk Mafara ke kaɗai kika duba ni, kuma sau ashirin, da sunaye daban-daban." Ta yi dariya tana kuka. Allah ya saka mata. Sista ma Allah ya saka mata, ita ta riƙa wanke ƙafar nan kullum ba ta taɓa yamutsa fuska ba, har yatsan ya tsira.

Abu ɗaya ban tambayi Kulu ba, shi ne zumar. Ba ta ambace ta ba, ni ma na ƙyale. Kwalbar irin ta Bawa ce, totuwar irin tasa ce. Na bar wa raina cewa ko mutum ɗaya dai ya ji a jikinsa.

A gadon nan na yi sallah ƙarama. Na ji kabbara daga nesa, Kulu ta kawo mini hular sallah na sa a kwance. Dattijon Janbako ya miƙo hannu muka gaisa, ya ce, "Allah ya maimaita." Iyakar yawon sallata ke nan.

Don haka jama'a, in ƙishirwa ta ƙi ƙarewa, fitsari ya yi yawa, jiki na zubewa, kiyashi na bin ka ban-ɗaki, kada ka ce zafi ne. Huda yatsa ɗaya ce, ba ta kai cizon sauro ba. In za ku je dubiya ku fara tambayar abin da ke damun mutum kafin ku ɗauko lemo. In kuma wanda kuka saba jin muryarsa ya yi shiru, kada ku tsaya a bakin ƙofa ku karɓi "yana lafiya". Ku ce sai kun gan shi ko ta taga ne.

Bayan an sallame ni na ƙara kwanaki a gida, aka sassauta doka. Ranar da ƙafata ta karɓi takalmi na dogara sanda na nufi majalisa da la'asar. Suna nan gaban shagon Alhaji Isa, kowa a wurinsa. Ashe tun sati na biyu suka koma zama, a bayan shago, inda 'yan doka ba sa leƙawa.

Bawa ne ya fara hango ni. "Ga matsoraci nan ya fito. An ce korona ta tafi ko? Kai, mi ya cinye ka haka?"

Na zauna da ƙyar. Na ce, "Kafin komai, Bawa, na gode da zuma."

"Wace zuma?"

"Wadda ka aje a ƙofata."

"Ni? Bana ko Maradun ban je ba. Kulu dai ta zo ta ari tsohuwar kwalba wurin mai ɗakina."

Na ajiye sandata. Sannan na ba su labari tun daga randa har gadon asibiti, kuma karo na farko a rayuwata ban ƙara gishiri ba. Aka yi salati. Alhaji Isa ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ya jiki, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, wallahi ba mu ji ba. Aka bi layi ana yi mini sannu, dubiyar sati bakwai aka biya ni a zama ɗaya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma abin na cina, sai da na tambaya.

"To ku tsaya. Sati bakwai babu ni a nan wurin. Ba wanda ya lura da wani abu ya canza?"

Bawa ya gyara zama, ya ɓare goro ya jefa a baki.

"Mun lura mana. Alhaji Isa ya samu ya ƙarasa labarin da ya faro tun bara."